Rakiyar Yaya Asabe

Na san abin da kuka girma kuna ji, ba sai kun ɓoye mini ba. An ce muku na ɓata da Mubarak ɗan yayata saboda kuɗi, wasu ma sun ƙara gishiri, wai na danne gadon maraya sai da malamai suka shiga maganar. Shekara da shekaru nake jin wannan zance a gidajen suna da na biki, daga Longsight ta nan Manchester har Balsall Heath ta Birmingham, ina haɗiyewa ina yin murmushi. Yanzu gwiwoyina sun fara yi mini irin abin da na Yaya Asabe suka yi mata, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin da wasu suka dafa. Ku karanta a tsanake. Ke Zainab, ban da tsallake layi, na san halinki.

Yaya Asabe uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara tara, kuma ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a Kano. Aure ne ya kawo ta Manchester, mijinta ya zo karatu ya zauna, ya rasu Mubarak yana da shekara shida. Ba ta sake aure ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana wanke tukwane da goge ƙasa a kicin ɗin wata makarantar firamare, da wannan ta yi wa yaron nan karatu har ya zama akanta, ya auri likita, suka sayi gida a Edgbaston, can Birmingham. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa, mai kunya har ta ba mutum haushi. Ko kitso ake yi mata sai an rufe ƙofa. Kun tuna ta a kujera da bargo a cinya tana ba ku alewa, amma ba ku san ta ba lokacin da take wanke labulen gidanta duk wata, tana yi wa nawa dariya.

Ciwon gaɓoɓi ne ya fara kama ta, yatsunta suka lanƙwashe, daga baya zuciya ta shigo ciki. Da ta kasa aiki, gwamnati ta yanka mata kuɗin naƙasa, aka ba ta wata 'yar mota da ni nake tuƙawa in kai ta asibiti. Na bar aikina na shagon ɗinki na koma jinyarta, ana ba ni ɗan abin da ake ba mai jinya, wanda bai kai kuɗin cefane ba. Layi ɗaya ne tsakanin gidanta da namu. Haka muke lallaɓawa, ba yabo ba fallasa, har aka shiga shekarun nan da gwamnati ta ce aljihunta ya huje, kowa ya ɗaure ciki. Aka rufe wurin da tsofaffin unguwa suke haɗuwa shan shayi, ƙaramar hukuma ta rage masu zuwa taimako gida-gida, sannan aka ce duk mai karɓar kuɗin naƙasa sai an sake auna shi, wai akwai maƙaryata a ciki. Wata safiya takarda ta zo a ambulan mai ruwan ƙasa, an sa rana, wata mata za ta zo har gida ta duba Yaya.

Maƙwabciyarta Saratu, 'yar Kafanchan ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta ga irin wannan awo ba sau ɗaya ba. Ta tare ni a bakin ƙofa za ta tafi coci, ta riƙe mini hannu.

"Maman Zainab, ki ji ni da kyau. Kada ku gyara komai. Ku bar matar nan ta gan ta yadda take ranar da ciwon ya fi tashi. In a kwance take, a bar ta a kwance."

Na kai wa Yaya saƙon kamar yadda aka ba ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kulu, a kwance zan karɓi baƙuwa? Da zanen barci, ɗaki yana warin man zafi? Ba haka aka tarbiyyantar da mu ba, ke ma kin sani."

Na sani ɗin. Abin da zan faɗa muku yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanku. Da hannuna na yi komai. Awa biyu na ɗauka ina yi mata wanka a zaune, tana cije leɓe. Na sa mata atamfarta mai ruwan goro, na ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin da take so, na sa mata kwalli. Na ɗauke kujerar bahaya daga gefen gado na kai bayan gida na rufa mata tsohon zane, na ɓoye ƙarfen da take dogarawa a bayan labule. Na kunna turaren wuta. Ita kuma ta haɗa maganin rana da na yamma ta shanye lokaci ɗaya, ina kallo ban hana ba. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa, yayata tana zaune a falo kamar uwar amarya, ga shayi ga cincin a faranti.

Matar yarinya ce, ba ta fi talatin ba, ga fara'a. Ta cire takalmi da ta ga mun cire, ta buɗe kwamfutarta a cinya, ta tambayi Yaya yaya jiki. Yaya ta amsa da Turancinta na kicin, da sauƙi, mun gode Allah. Aka tambaye ta ko tana iya wanka da kanta, ta dubi ƙasa ta ce tana ƙoƙari. Aka tambayi zuwa bayi, kunya ta kama ta har kunnuwa, ta ce ba matsala. Aka tambayi girki, ta nuna cincin, wanda ni na soya. Ta miƙa hannun nan nata da ba ya iya ɓalle maɓalli ta ɗaga buta ta zuba wa baƙuwa shayi, na ga jijiyar wuyanta ta tashi, amma ko ɗigo bai zube ba. Ni kuwa ina gefe na yi gum. Ƙanwa ba ta ƙaryata yayarta a gaban baƙo, a haka na tashi, a haka na zauna ranar ina kallo ana rubuta mana hukunci.

Da matar ta miƙe za ta tafi, na ce da Hausa, "Yaya, zauna, bari in taka mata."

"Gidana ne ko naki?"

Ta dafa hannun kujera ta tashi. Matar ma ta ce ba sai ta wahala ba, Yaya ta yi kamar ba ta ji ba. Ta bi ta har ƙofa, daga ƙofa har ƙyauren shinge, daga nan har kusurwar layi kusa da shagon mai nama, inda matar ta ajiye motarta. Ba sanda, ba ta dafa kowa ba. Ta tsaya tana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Ina bayanta, kuma wallahi alfahari nake ji, ina cewa a raina su ga irin gidan da muka fito. Muna komawa ta zube a zaure, sai da na kira babanku daga wurin tasi ya ɗauke ta cak ya kai ta gado. Kwana uku ba ta iya juyawa da kanta ba.

Bayan mako shida amsa ta zo. An rubuta cewa an same ta tsaf-tsaf cikin ado, ta zuba shayi da hannunta, ta faɗa da bakinta tana iya wanka da zuwa bayi, kuma an gan ta ta yi tafiya mai nisa a titi ba tare da sanda ba. Don haka ba ta cancanci ko kwabo ba. Aka tsayar da kuɗinta, nawa na jinya ya bi shi tunda a kan nata yake rataye, aka zo aka ɗauke motar. Yaya ta sa na karanta mata takardar sau biyu.

"Wato sun ce ƙarya nake yi duk shekarun nan."

"Ba su ce haka ba, Yaya."

"Sun ce. Shekara ashirin da biyu ina goge musu ƙasa, ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba. Yau ni ce maƙaryaciya."

Sanyin shekarar nan a ɗaki ɗaya muka yi shi. Mita ce mai kati, in kuɗi ya ƙare hita ta mutu, sai na tattara ta a falo da barguna uku, sauran gidan ya zama firji. Asibiti kuwa bas biyu ne daga Stockport Road, ga tsayuwa a ruwan sama, sau uku muka gwada ta ce ta haƙura. Babanku ya ƙara awanni a tasi, ku kuma kuka yi ta mita an daina sayen kaza, ban ga laifinku ba, yara ne ku. Duk Lahadi Mubarak yana kira daga Birmingham, ina jin ta tana gyara murya kafin ta ɗauka.

"Lafiya lau, ɗana. Da sauƙi sosai. Sai sanyi kawai, ka san garinku."

Ta yi mini rantsuwa in na faɗa masa an yanke kuɗin ba za ta yafe mini ba. Yana biyan bashin gida, matarsa tana da ciki, ba za ta zama kaya a wuyansa ba. Na bi maganarta, wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko tsada.

Saratu ce ta zaunar da ni muka cike fom na ƙorafi. Suka sake dubawa suka ce suna nan a kan bakansu. Muka kai ƙara kotun da ke sauraron irin wannan, aka ce mu jira a sa rana. Muka jira. Duk safiya in ta ji an turo takardu ta kafar ƙofa sai ta ɗaga kai ta dube ni, in girgiza mata kai. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce mini,

"Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Kulu. Su rubuta da hannunsu cewa ban yi ƙarya ba. In ban kai ba, ke ki karɓo mini."

Ba ta kai ba. A wata na goma sha ɗaya zuciyar ta tsaya, ranar Talata bayan azahar, ina riƙe da hannunta a asibiti. Mubarak ya zo ya yi kuka na gaske, ba zan rage masa wannan ba. Shi ya biya kabari da likkafani da abincin masu ta'aziyya, bai bar kowa ya sa hannu a aljihu ba. Amma a ranar ne ya shiga gidan ba a gyara ba, karon farko. Ya ga kujerar bahaya a falo, ya ga barguna, ya ga mita da sifiri a jiki, ya ga baƙin danshi a bangon ɗakin da ya girma a ciki. Ya juyo ya dube ni, wani irin kallo da har yau ban manta ba.

Kwana tara da binne ta takardar kotu ta zo, da sunanta a jiki, an sa mata rana. Na yi dariya ni kaɗai a zaure, dariyar da ta fi kuka ciwo. Saratu ta ce ƙara ba ta mutuwa da mai ita, ɗan'uwa yana iya neman a ba shi izini ya ci gaba, kuma in an yi nasara za a biya duk abin da aka hana ta, daga ranar da aka yanke har ranar da ta rasu. Na kira Mubarak na faɗa masa yadda aka yanke kuɗin da maganar ƙarar. Hausarsa irin taku ce, ta 'yan nan, in ransa ya ɓaci rabi Turanci take komawa.

"Inna, ki bar ta ta huta. Ba ma buƙatar kuɗinsu."

"Ba kuɗi ba ne, wasiyya ce ta bar mini."

"Me za ki je ki faɗa musu?"

"Gaskiya."

"Abin da ita ta ƙi faɗa tana da rai, ke za ki faɗa bayan ranta? Uwata ce. Ban yarda ba."

Na ce masa kafin ta zama uwarsa yayata ce, na kashe wayar. Na cike fom da sunana, na tafi.

Ba kotu ba ce irin ta talabijin. Ɗan ɗaki ne da tebur, mutum uku a zaune, alƙali da likita da wata mata a keken guragu. Suka tambaye ni, na amsa. Na faɗi yadda take rarrafe zuwa bayi in ba na nan, da yadda wani lokaci ba ta kaiwa. Na faɗi ƙyallen da nake sa mata, da sau nawa nake canza zanen gado, da yadda nake wanke mata inda ita ba ta iya kaiwa tana rufe fuska da hannu. Matar da ko kitso ba a yi mata ƙofa a buɗe, na tuɓe ta tsirara a gaban baƙi uku, ba ta nan balle ta ce in yi shiru. Likitan ya duba takardunsa ya ce to in haka ne, me ya kai ta tafiya har kusurwar layi?

"Baƙuwarta ce," na ce. "A wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai."

Ya dube ni kamar bai gane ba, matar da ke keke ta sunkuyar da kai. Suka ce in jira a waje. Ko shayin da Saratu ta sayo mini bai huce ba suka kira ni suka ce Yaya ta cancanta tun farko, da mafi girman kaso ma, bai kamata a yanke mata ba. Abin da ya cinye mana wata goma sha ɗaya da mutum guda, a minti ashirin suka warware shi. Na nemi su rubuto mini dalilansu dalla-dalla, tunda rubutu ta nema. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Bayan wata biyu kuɗin ya shigo asusuna, tunda sunana ne a fom. Nawa na jinya ma ya dawo, ya wuce kai tsaye wurin masu gas da mutanen da na ranta a hannunsu. Na Yaya kuwa yana nan, kuɗin da da ya zo a kan lokaci da ya kunna hita, da ya kai ta asibiti a mota. Saratu ta ce in riƙe, ni na sha wahalar, Mubarak ma ya ce ba ya so. Babanku ya bar mini zaɓi, ko da yake guminsa ne ya fi zuba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in riƙe. Na je wurin limamin masallacinmu ina fatan ya samo mini ƙofa. Ya ce in mamaci ya bar ɗa namiji, 'yar'uwa ba ta da gado. Amma ana biyan bashin mamaci kafin a raba.

"Abin da kika kashe mata, Hajiya, da niyyar rance kika kashe ko da niyyar kyauta? In rance ne, ki cire abinki, halal ne."

Kalma ɗaya ce tsakanina da kuɗin, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Na buɗe baki in ce rance, sai na tuna bayan Yaya da ya goya ni. Na ce kyauta ne. Ya ce to na ɗanta ne gaba ɗaya.

Na sa banki suka rubuta cak da sunansa, na haɗa da takardar hukunci, na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Gidansu akwai ɗumi tun daga zaure, abin da na fara lura da shi ke nan, Allah ya yafe mini. Matarsa Amina ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta kawo lemo, jaririyar da suka sa wa sunan Yaya tana kafaɗarta. Takardar na fara miƙa masa, don ita ce ta kai ni. Na zaci in ya ga an wanke uwarsa zai huce. Ya karanta shafin farko, ya juya na biyu inda aka rubuta duk abin da na faɗa, kalma bayan kalma.

"Kun ɓoye mini tana raye, kin tona ta tana kabari."

Maganar ta soke ni, don rabinta gaskiya ce, kuma kun san bakina in an taɓa ni.

"Wata goma sha ɗaya, Mubarak. Daga nan zuwa Longsight awa biyu ce. Sau nawa ka zo?"

"Sau uku. Duk zuwan da na yi a zaune nake samunta, da kwalli da ɗaurin ɗankwali, tana yi mini dariya. Wa yake ɗaura mata, Inna?"

Na ciro cak ɗin na ce gadonsa ne, ba a taɓa ko kwabo ba. Ya ce in ajiye a tebur, ya turo mini takardar hukuncin da yatsa ɗaya. Daga baya na ji ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin a unguwarmu ta Kano, da sunan Yaya a jikin allo, nasa a ƙasa. Ya kyauta, Allah ya kai mata ladan. Mutane kuwa abin da suka tsinta shi ne kuɗi ya kwana a asusuna kuma an gan ni wurin liman, suka ɗinka sauran da kansu.

Na miƙe na ce zan tafi. Bai tashi ba. Amina ta yunƙura, ta dubi fuskarsa, jaririyar ta fara kuka, ta koma ta zauna. Na bi zauren ni kaɗai, na tsaya ina kokawa da makullin ƙofarsu da ban san kansa ba, yana jin ƙarar daga falo. Na buɗe, na rufe musu. Daga ƙofarsa zuwa ƙyaure bai kai rabin tafiyar da uwarsa ta yi wa baƙuwar da ta zo yanke mata abinci ba, ga shi da ƙafafu lafiyayyu. Wannan ne ya raba mu, ba kuɗi ba. Ya yi sallah ya yi suna bai kira ba, ni ma ban kira ba, kuma ba na cewa duk laifin nasa ne. Ku ba ruwanku, ɗan'uwanku ne, in kun haɗu ku gaisa.

Takardar tana cikin akwatina na ƙarfe, a ƙarƙashin atamfa mai ruwan goro. An rubuta a ciki yayata ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba wanda ya karanta ya ji sanyi, har ni. Watan jiya likita ya ce ni ma in nemi kuɗin, gwiwoyin sun kai. To ku ji, ranar da za a zo auna ni, ku bar kujerar bahaya a tsakiyar falo. Kada a kunna turare, kada wadda ta ɗaura mini ɗankwali ko da na roƙe ta da kuka. Baƙuwar kuma, duk kirkinta, ta san hanyar da ta shigo.